Mutum Biyun da Yaya Bashir Ya Gode Wa

A gidan da muka tashi a unguwar Akébé, can nesa da ƙasar Hausa, wuta ɗaya ake hurawa da yamma, a bakin baranda, ƙarƙashin kwanon da ruwan sama ba ya gajiya da dukansa. A kanta Umma take dafa miyar da za ta kai wa direbobin taksi da safe, a kanta kuma kakarmu, Iya, take gasa mana ayaba in an sauke tukunya. Iya ce ta haifi babanmu. Daga Maraɗi ta zo ganin jikoki, sai babanmu ya rasu a hatsarin mota tana nan, ba ta sake komawa ba. In aka idar da magariba ta gyara zama a kan 'yar kujerarta, sai mu kewaye ta, har da yaran maƙwabta da ba sa jin Hausa, su dai suna jira mu yi dariya su taya mu.

Mai gidan da muke haya 'yar ƙasa ce, Kirista, muna ce mata Mama Odil. Ƙofarta na kallon tamu. Bayan rasuwar babanmu ita ta riƙe hannun yayana Bashir ta kai shi lakol, wato makarantar boko. Da aka ce takardunsa ba su cika ba, ta zauna a ƙofar ofishin ta ce ɗanta ne, ba za ta tashi ba sai an rubuta sunansa. Ita ta goya shi zuwa asibiti ranar da zazzaɓi ya sanƙarar da shi Umma tana tasha. Da ya girma ya ce Ingilishi yake so ya koya, don shi kamfanonin katako da na mai suke nema, Umma ta ƙara tukunya ta biyu a kan sana'arta, Mama Odil kuma ta kwashe kayanta daga ɗakin baya ta ba shi ya riƙa karatu.

Ya yi ƙoƙari, ba zan hana shi wannan ba. Shi ya zo na ɗaya, aka zaɓe shi ya yi jawabi ranar ba da diplom, takardar kammala karatu. Ana gobe bikin ya wuni yana kai-komo a tsakar gida yana maimaita magana ɗaya. Wani lokaci ya ce “thank you both”, wani lokaci ya ce “thanks to both of you”, sai ya tsaya ya sosa kai.

Iya ta saba kiransa mijinta, irin wasan kaka da jika. Ta tambaye shi abin da yake ta gunaguni a kai kamar mai tofi. Ya yi mata bayani cewa a Ingilishi akwai yadda ake gode wa mutum biyu a lokaci ɗaya, kuma in ka ajiye harafi ɗaya inda bai dace ba sai a yi maka dariya. Fuskar Iya ta washe. Ta dubi Umma, ta dubi ƙofar Mama Odil, ta sa masa albarka, sannan ta tambaya ko za a ce su miƙe tsaye ne a gaban jama'a in ya ambace su.

Yaya Bashir ya ce ai ba su yake nufi ba. Shugaban makarantar yake nufi, da Alhaji Mamman mai shagon kayan mota a unguwar Plaine Orety, wanda ya ba shi kwat ɗin da zai saka ya kuma yi alkawarin yi masa magana a wani kamfani. Umma da Mama Odil mutanen gida ne, in ji shi, kullum yana ganinsu, can kuwa wuri ne na manya.

Umma ba ta ɗaga kai daga tukunya ba. Iya kuwa ta jira sai da aka yi magariba.

Ranar ba ta yi mana kiran da ta saba buɗe tatsuniya da shi ba, ba ta jira mun amsa ba. Ta tura gawayi da tsinke, ta fara da murya mai ƙarfi, yadda ɗakin baya zai ji.

Wani saurayi ne ya ji labarin wani attajiri a birni yana neman wanda zai ɗora a kan dukiyarsa. Tsakaninsa da birnin akwai daji, bayan dajin akwai kogi. Tsohuwar jakar gidansu ta ɗauke shi ta ratsa dajin da shi, ƙaya na cin ƙafarta, har kofatonta ya tsage. A bakin kogi suka tarar da kififfiya, ba ta san shi ba, ba ta san ubansa ba, ta ce ya hau bayanta, ta kai shi ƙetare ruwa na neman ya tafi da ita, ta komo ta ja jakar ita ma. A ƙofar birni wani wanzami ya aske masa kai, mai gadi ya nuna masa gidan attajirin. Aka ɗauke shi, aka yi biki, aka ce ya faɗi waɗanda suka taimake shi. Ya miƙe ya zuba godiya ga wanzami da mai gadi, da harshe mai daɗi, har mutane suka ce ba su taɓa jin iya magana irin tasa ba. Jaka da kififfiya suna bayan katanga suna ji.

Mun san wannan tatsuniyar. A kullum, nan ne wani tsuntsu yake sauka a kan katanga ya rera masa waƙar gori, saurayin ya ji kunya ya fita da gudu ya durƙusa, su yafe masa, Iya ta kwaikwayi kukan jaki mu yi ta birgima. Ranar babu tsuntsu. Jaka da kififfiya suka juya suka tafi. Da shekaru suka ja attajirin ya kore shi, mai gadi ya rufe ƙofa a bayansa, wanzami ya ce bai gane shi ba. Ya zo bakin kogi ya yi kira, ya yi kira.

“Yana nan har yau,” in ji Iya, “yana ta godiya, ruwa na wucewa.”

Na ce mata ba haka take ƙarewa ba. Ta ce yau haka ta ƙare.

Yaya Bashir ya leƙo daga ɗakinsa ya ce Iya ba ta gane yadda duniya take tafiya yanzu ba, aiki yake nema, kuma in ya samu su za su ci amfaninsa. Iya ta juyo gaba ɗaya. Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba sai ranar.

“Bashir, matar nan ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, ta ce kai ɗanta ne a gaban hukuma. Uwarka kuwa dubi hannunta. Je ka faɗa wa manyan naka daidai, kada ka kuskure harafi ko ɗaya.”

Washegari Iya ta ƙi zuwa. Muka tafi ni da Umma da Mama Odil, wadda ta saka atamfar da take zuwa coci da ita, ta yi sabon kitso. Aka zaunar da mu a layin da ke bayan manyan baƙi, daidai bayan shugaban makarantar da Alhaji Mamman. Yaya Bashir ya yi jawabinsa bai yi tuntuɓe ba. Da ya zo ƙarshe ya miƙa hannu wajen mutanen biyu ya faɗi maganar tasa tsaf. Mama Odil ba ta jin Ingilishi, amma kowa ya san kalmar godiya, ga shi kuma hannun wajenmu yake nunawa. Ta damƙe hannun Umma ta fashe da kuka, ta fi kowa tafi a zauren. Umma ta san gaskiya, ta bar ta.

A taksi Mama Odil ta ba direba labari. A gida ta ba Iya labari, ni ina fassarawa, cewa ɗanta ya gode mata da harshen Turawa a gaban manyan mutane. Iya ta daɗe tana kallon Yaya Bashir, shi yana kallon takalminsa. Sai ta ce in gaya wa Mama Odil ta cancanta.

Iya ta rasu, a nan muka rufe ta. Yaya Bashir ya sami aikin, ya yi gida a unguwar Angondjé, yana leƙo mu ranar sallah. Babu kogin da ya tare shi, kuma na daɗe ina jin haushin haka, don ina yarinya na ɗauka abin da Iya ta faɗa zai same shi. Yanzu na gane ita ma ta san ba zai same shi ba. Shi ya sa ta hukunta shi a tatsuniya, nan kaɗai take da iko. Na taɓa roƙonsa ya je ya gode wa matar nan da gaske, ko da Faransanci ne, ko da a ɗaki ne babu kowa. Ya yi dariya ya ce tun da tana murna, me zai sa a tono abin da ya wuce.

Ni yanzu Ingilishi nake koyarwa a sakandare. Duk shekara sai an sami ɗalibin da zai tambaye ni wanne ne daidai cikin maganganun godiyar nan biyu da Yaya Bashir ya riƙa maimaitawa. Ina ce musu duka daidai ne, kada dai su haɗa su su ce “thanks you both”. Abin ba ya ɗaukar minti guda a allo.

Mama Odil ta tsufa, idonta ya yi rauni. Da yamma ita da Umma suna zama a barandar nan, ɗaya na tsinke ganye ɗaya na gyangyaɗi. In na je, takan ce in maimaita mata abin da ɗanta ya faɗa ranar nan, tana son jin yadda yake sauka a kunne. Sai in durƙusa a gabansu su biyu, in faɗa musu da bakina.