Sunan da Inna Kaltume Ba Ta Faɗa

Duk Unguwar Dosa an san Inna Kaltume da abu biyu, daddawarta da kunyarta. Tun zuwanta amarya daga Rigachikun take dafa kalwa, kuma da sana'ar ta riƙe gida bayan rasuwar maigidanta. Kunya kuwa, ɗan farinta Isiyaku har ya yi furfura a aikin gwamnati bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "kai". Akwai wani mai ruwa takwaransa, ta gwammace randa ta bushe da ta ƙwala masa kira.

Da ciwon daji ya kama ta a mama, likita Yasmin ta ce kafin a fara magani sai an gwada ƙwaƙwalwarta. Maganin mai ƙarfi ne, in tunani ya soma rauni ba za a bar mata shan ƙwayoyi da yanke shawara ita kaɗai ba. Abin da Isiyaku ke tsoro ke nan, don matar da ko gishirin miya ba ta yarda a zuba mata ba, ranar da aka fara yi mata tunani an gama da ita.

Aka faɗa mata kalmomi ta riƙe, ta mayar da su daidai. Aka ce ta zana agogo, ta yi mitar ita da kiran salla take aiki, amma ta zana. Sai likita ta nuna ɗan nata da ke zaune a gefe.

"Inna, wannan da ya kawo ki, yaya sunansa?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga shi.

"Isiyaku."

Likita ta yi murmushi, ta ce Inna garau take. Shi kuwa bai gamsu ba. A ganinsa uwar da ya sani ba za ta yi haka ba, sai dai in hankalin ya fara gushewa.

A mota, da suka shigo unguwa, ta dube shi.

"Kana zaton na ruɗe ko?" in ji ta.

"Inna, ai ban taɓa ji ba."

"Sarai na san abin da na yi. Ni na haife ka, kowa na kiranka har masu gadin ofishinku, ban da ni. Da yarinyar nan ta tambaya na ce to, dalili ya samu, tunda ban san kwanan da ya rage mini ba." Ta kau da kai wajen taga. "Ashe ma da daɗi a baki."

Ya gangara gefen titi ya tsaya, hawaye na zuba. Mamaki ya cika shi, duk shekarun nan ashe tana riƙe da sunan, shi yana zaton ba ta damu ba.

"Kai," ta ce, "ja motar mu tafi, na bar daddawa a rana."