Jar Hular Turke

Yayana mai gyaran itatuwa ne. In na faɗi haka mutane kan ce, "Au, mai saran itace," sai in ce a'a, wannan daban, wancan daban. Shi Yaya ana kiransa ne in reshe ya kwanta a kan wayar lantarki, ko saiwa ta fara tsaga katanga, ko itacen tsakar gida ya soma bushewa daga sama har masu gida sun daina shimfiɗa tabarma a gindinsa. Sau da yawa akan kira shi don ya kayar da itace, ya tashi aiki ya bar shi a tsaye, ya dai rage masa nauyi ya zuba wa gara magani. Masu gida su yi ta mita, bayan shekara kuma su riƙa nuna wa baƙi inuwar kamar su suka yi dabarar.

Abokan sana'arsa Hawainiya suke ce masa, saboda yadda yake hawa. Ba ya ɗaga ƙafa sai hannu ya kama, ba ya sakin hannu sai ƙafa ta zauna. Mai gida zai shanye shayinsa ya wanke kofi, Yaya bai kai reshe na biyu ba. In aka tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, kuma masu saurin da suka fara aikin tare da shi waɗansu suna gida da sanda. Tun muna yara haka yake. Shi ne babba, ni ce auta, kuma ban taɓa ganin ya yi gudu ba ko da ruwan sama ya tsuge masa a hanya.

Kafin ya hau kowane itace sai ya zagaya shi, ya ɓanɓare ɓawo ya duba, ya tona gindin da tsinke. Sannan ya juya gatari ya ƙwanƙwasa kututturen da ƙeyarsa, yana saurare. Itace mai lafiya amsawarsa daban take da ta wanda cikinsa ya ruɓe. In ya gamsu sai ya ɗaura ɗamara, ya jefa igiya, ya rataya injin zarto a ƙugu, ya kama hawa.

Aikin na mutum biyu ne. Na sama yana yanka, na ƙasa yana riƙe da igiyar da aka ɗaure reshen da ita, don ya sauko a hankali kada ya fasa wa mutane rufin ɗaki. Na ƙasan nan shi ne mijina. Turke suke ce masa, don in ya kafa ƙafa ya riƙe igiya ba abin da ke motsa shi. Yaya ne ya kawo shi gidanmu cin abincin rana, ya ci ya ƙara, bai kuma daina zuwa ba har sai da ya tafi da ni. Ke nan duk safiyar da suka fita, yayana yana sama da zarto, uban 'ya'yana yana ƙarƙashinsa.

Ƙa'idarsu ɗaya ce, kuma ba su taɓa wasa da ita ba. Yaya zai ɗaure reshe, ya yi masa rabin yanka, ya sassauta inji, ya leƙo ya ce, "Ƙasa?" Turke zai naɗe igiya a jikin wani kututture ko ginshiƙi, ya duba ba kowa a wurin, sannan ya ce, "Saki!" In Yaya bai ji wannan kalma ba zai wuni a kan reshe bai ƙarasa yankan ba. Shekara da shekaru suna haka, ko tukunyar fure ba su taɓa fasa wa wani ba.

Ni na fara lura da kunnen Yaya. Yakan biyo ta gidana da yamma ya ajiye mini guntayen itacen girki, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana kakkaɓe dusar katako daga gashinsa. Wata rana na tambaye shi ya ƙafar matarsa, ya ce ai bana ruwa ya yi kyau. Na yi dariya na bar shi. Daga baya na ga in ina magana bakina yake kallo, in na juya baya kuma sai in yi ta zuba ni kaɗai. Matarsa ta ce mini rediyonsa ya kori kajin maƙwabta. Injin nan da yake kuka a gefen kansa tun yana saurayi ya ci kunnen a hankali.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da ya zo duba mangwaron gidanmu. Ya juya gatari ya ƙwanƙwasa, sai na ga ya jingina goshinsa da kututturen, ya rufe ido, ya sake bugawa. Da ƙashin kansa yake sauraren itacen.

Da ya tafi na sami mijina a tsakar gida yana wasa haƙoran zarto da magagari.

Na ce, "Baban yara, Yaya fa ba ya ji."

Bai ɗago ba ya ce, "Yana ji mana."

"Yana jin me? Ni da nake gabansa bai ji ni ba, kai da kake can ƙasa, inji yana kuka, zai ji ka?"

Ya ci gaba da goga magagari. Can ya ce, "Mun yi dabara."

Dabarar ita ce hularsa. Yana da wata tsohuwar jar hula da rana ta ci, wadda na sha ɓoyewa yana tonowa. Ya ce da ya ga Yaya ya fara maimaita "Ƙasa?" har sau nawa, sai ya riƙa ɗaga hular sama duk lokacin da zai ce "Saki!" Yaya kuma ya riƙa kallon hular. Shi ke nan aiki ya ci gaba kamar da.

Na ce, "Kun zauna kun yi maganar?"

Ya ce, "Wace magana? Ya san na sani, na san ya san na sani. Sai in buɗe baki in ce wa yayanki ya kurumce? Mutumin da ya koya mini ƙullin igiya?"

"To bakin rijiya dai ba wurin wasan makaho ba ne."

"In na faɗa masa zai sauko, kuma in ya sauko ya gama. Kin taɓa ganin Hawainiya ya wuni a ƙasa bai yi rashin lafiya ba?"

Gaskiya ya faɗa. Amma kan da ke ƙarƙashin reshen nan na mijina ne, kuma ba ni da wani. Na sami Yaya na gaya masa ɓaro-ɓaro cewa ya je ya ga likitan kunne. Ya kalli bakina har na gama, ya ce, "Auta, dusar katako ce kawai, in na wanke zai buɗe." Ya ɗauki gatarinsa ya fita. Haushi ya kama ni da su biyun, na ce Allah Ya kyauta, tunda maza sun fi jin kunyar juna a kan tsoron mutuwa.

Suka ci gaba da aikinsu. Suka rage rassan darbejiya a wata makaranta, suka cire busasshen itace a bayan wani asibiti, suka yi sati suna share hanyar waya bayan wata iska da ta yi ɓarna. Hula tana tashi, reshe yana sauka. Har na fara cewa ko ni ce mai neman magana.

Ranar da abin ya faru aikin ma ba wani babba ba ne. Wani maɗaci ne ya miƙa reshe a kan rufin shagon tela, da hantsi, rana ta fito sarai. Telan ne ya kira ni a waya, kuma shi ya ba ni labarin yadda aka yi, don yana tsaye a ƙofar shagonsa.

Yaya ya ɗaure reshen, ya yi rabin yanka. Turke yana ƙasa yana jan ragowar igiya, ya laƙa ta a damtsensa na hagu kafin ya kai ta ga ginshiƙin da zai naɗe. Ashe girgizar inji ta taso da cinnaku daga cikin ɓawo, suka zubo masa a wuya. Duk wanda cinnaka ya taɓa ciza ya san hannu ba ya jiran shawara. Ya fizge hular yana bugun ƙeyarsa da ita. Daidai nan Yaya ya leƙo ya ce, "Ƙasa?"

Turke ya ɗaga kai ya yi ihu, "Dakata! Yaya, dakata!" Telan ya ce har masu shagon tsallaken titi sun ji. Amma hular tana hannunsa, a sama.

Reshen ya tafi, igiya ta fizge shi ta damtse, ta ɗaga shi ta maka da bango.

Telan ya ce bai taɓa ganin mutum ya sauko daga itace kamar yadda Yaya ya sauko ba. Igiya ya kama ya sulalo, fatar tafin hannunsa ta tafi da ita. Ya saɓi Turke a kafaɗa ya yi titi da gudu yana tsayar da mota. Na ce wa telan, "Da gudu?" Ya ce, "Da gudu, wallahi."

Na same su a asibiti. An naɗe wa mijina kafaɗa da hannu, an yi masa allura yana barci, bakinsa a buɗe. Likita ya ce ƙashi zai haɗe, amma jijiyar hannun ta taɓu, kada a sa rai zai sake riƙe abu mai nauyi. Yaya yana zaune a ƙasa a gefen gado, hannuwansa biyu cikin bandeji, jar hular tana kan gwiwarsa.

Duk hanya ina shirya abin da zan gaya masa. Na durƙusa kusa da shi na faɗa a hankali, don ɗakin cike yake da marasa lafiya da masu jinyarsu. Na ce, "Yaya, ya ce ka dakata."

Ya kalli bakina ya ce, "Na'am?"

Na ƙara murya. Ya karkato da kai ya sake cewa, "Me kika ce, Auta?"

Sai na miƙe na faɗa da iya ƙarfina, yadda duk ɗakin ya yi tsit. "Ya ce ka dakata! Ya yi ihu, kowa ya ji, kai ne ba ka ji ba! Ba ka ji, Yaya!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni. Na so in ji sanyi a raina, amma tausayinsa ne ya rufe ni. Ya daɗe yana kallon hular, sannan ya ce, "Na ga hula."

Tun daga ranar bai sake hawa ba. Ba wanda ya hana shi. Ya ba wani abokin sana'a injin da ɗamarar, abokin ne ma ya je ya ƙarasa aikin shagon tela. Ya je wurin likitan kunne da ƙafarsa, aka ba shi ɗan abin saƙalawa mai ƙara ji, yana sawa in zai zo gidana, yana cirewa in matarsa ta fara lissafin laifinsa. Ya yi rashin lafiyar da Turke ya faɗa, ya rame, sannan ya tashi.

Yanzu aikin ƙasa suke yi, su biyun dai. Suna dasa sababbin itatuwa a bakin titi da harabar ma'aikatu, suna kafa musu sanda, suna yi musu kwano a gindi don ruwa ya zauna, suna aske shingen fure. In masu hawa sun sami itacen da suke shakka, sukan zo su ɗauki Yaya ya jingina goshi ya gaya musu ko zai ɗauki mutum. Abin da ake samu bai kai na da ba, amma tukunya tana hawa wuta. Ban taɓa jin ɗayansu ya ta da maganar ranar nan ba.

Mijina ya daina sa hula. Na sayo masa sababbi, suna nan rataye a ƙusa, shi kuwa rana tana gasa masa sanƙo. Jar kuma tana wurin Yaya, ban tambaye shi inda ya ajiye ta ba.

Kwanan baya na kai musu abinci inda suke aiki, na tsaya daga nesa ina kallo. Wani ɗan itace ne da bai wuce ƙugu ba, reshen da za a cire kaurinsa bai fi yatsa ba, ko a kan ƙafar jariri ya faɗo ba zai farka ba. Yaya ya sa masa almakashi, ya tsaya. Turke yana can yana jan tiyo, bai lura ba. Yaya bai kira ba, bai waiwaya ba, yana nan sunkuye da almakashi a buɗe. Sai da mijina ya ajiye tiyon, ya tako, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗar Yaya, sannan na ji almakashin ya yi ƙas.