Awa Huɗun da Azmat Ya Ƙi Faɗin Inda Ya Je

Azmat ƙanin mijina ne. Da Allah ya karɓi ran yayansa, shekara tara ke nan, bai yi mini dogon jawabi a wurin zaman makoki ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bhabhi, ranar Talata ki shirya da ƙarfe tara." Bhabhi, wato matar yaya, haka yake kira na. Tun daga lokacin, kowace Talata motarsa tana ƙofar gidana a unguwar Green Valley da ke birnin Sidni. Ya kai ni kasuwa a Liverpool, wata unguwa kusa da mu, in yi cefane, in zauna shan shayi da matan garinmu Labasa na ƙasar Fiji, ƙarfe ɗaya ya dawo ya ɗauke ni. A baya nake zama. Gaba wurin matarsa ne, ko da yake ita ma ta riga mu gidan gaskiya.

Tuƙi ya sani, tuƙi ya san shi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya fara jan motar rake a Fiji, da muka ƙaura Sidni kuma ya kama bas, ya yi shekara talatin da ɗaya a kanta. A duk tsawon nan ba a taɓa cin sa tara ba, ko ta sisin kwabo. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi allon yabo, yana nan rataye a falonsa, sama da hoton aurensa ma. Ranar Juma'a shi ne mai zagaya titin masallaci yana duba wanda ya toshe wa maƙwabta ƙofa da mota, ya shiga har sahu ya taso mutum. Shi ya sa ake ce masa Sufeto.

Wata Asabar da rana muna cin roti, irin gurasarmu, da miyar kabewa a gidansa, sai 'yarsa Nazrin, wadda ke aikin ofis, ta dubi wayarta ta ajiye cokali. Ita ta yi wa motar rajista da kamfanin da ke kula da wurin ajiye motoci na kasuwar, saboda haka saƙonsu wurinta yake zuwa.

"Abba, an ci ka tara."

Ya yi dariya. "Beti, 'yata, ki nemi sa'anki ki yi wa wasa."

"Wallahi da gaske nake. Dala tamanin da biyar. Wai motarka ta yi awa huɗu da minti shida ranar Talata, alhali awa uku ne kyauta. In an wuce kwana goma sha huɗu su ƙara."

Lomar da ya ɗauka ta tsaya a hannunsa. Ni kuwa salati na sa, kamar an ce liman ya yi sata.

Na ce, "Ai ƙarya ne. Ajiye ni ya yi ya fita a kan idona, bai dawo ba sai ƙarfe ɗaya."

Nazrin ta duba hotuna biyun da suka turo, ta yi tsaki. Ta ce na'urarsu ta ɗauki shigarsa ta safe da fitarsa ta rana, ta haɗiye na tsakiya. "Abba, kwantar da hankalinka. Ba ma hukuma ba ce, kamfani ne, ba abin da zai taɓa lasisinka. Mu rubuta musu mu nuna shaidar inda motar take a tsakanin, su janye. Ina ka je ranar?"

"Wurin bakanike."

"To kawo rasit."

Ya yi ta murza rotin nan har ya zama gari. Can ya ce, "A biya su kawai."

Da ni da Nazrin muka dubi juna. In da cewa ya yi zai ƙara aure, da ba mu kai haka kaɗuwa ba.

"Sufeto guda?" in ji Nazrin. "Kai da ka yi wata uku kana rubuta wa ƙaramar hukuma wasiƙa don allon titi ya karkace? Yau kai ne za ka amsa laifin da ba ka yi ba? Badi Ammi, taɓa mini goshinsa, ko zazzaɓi ne." Da ni take, haka take kira na, wato babbar uwa.

"Na ce a biya. Kuɗinki ne?"

Bai taɓa ɗaga mata murya a gabana ba sai ranar.

Ni ban yi boko mai nisa ba, aji shida na tsaya, amma Allah bai hana ni kallo ba. Na karɓi wayar na ƙura wa hoto na biyu ido. Ranar an wuni ana yayyafi, ga shi kuwa da baƙin tabarau. Daga nan abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Shayin da ya zuba a gefen kofi ya ce hannunsa ne ya goce. Wasiƙun da yake miƙa wa Nazrin wai ya manta inda ya sa gilashinsa. Alƙur'anin da yake karantawa a watan azumi, sura tana tafiya, shafi bai juya ba. Ita kanta Talatar, sai da ya wuce ni ina tsaye da jakunkuna ina ɗaga masa hannu. Na roƙi Nazrin ta dakata da biyan zuwa mako mai zuwa, na koma gida na yi ta kai wa Allah kuka.

Talata ƙarfe tara ya iso. Na buɗe ƙofar gaba na zauna. Ya juyo a firgice.

"Bhabhi, lafiya?"

"Kashe motar. Karanta mini lambar farar motar can da ke ƙofar gidan 'yan Samowa."

Ya dube ta. Ya karkata kai ta nan, ya karkata ta can. Motar ba ta fi taku ashirin ba.

"Akwai uku a ciki," in ji shi.

Babu uku a ciki.

Sai ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya faɗa mini. Waccan Talatar asibitin ido ya je. Wata biyar ke nan tsakiyar ganinsa yana dushewa, in ya kalli fuska sai ya ga kunnuwa babu hanci. Ranar likita ta gama aune-aune ta ce ya ajiye tuƙi, ta ba shi a rubuce.

Na ce, "Kuma ka fito daga wurinta ka ɗauko ni a haka?"

"Hanyar na haddace ta, Bhabhi. Ko da ido rufe zan kawo ki."

"Hanya ka haddace. Ka haddace wanda zai tsallaka ta?"

Ya ce shaidar da za ta wanke shi wurin kamfanin ita ce takardar asibitin, kuma ta hannun Nazrin za ta bi. In ta gani, makullin ya tafi. In ya biya, dala tamanin da biyar ce ta tafi, asiri ya rufu. "Kuma wa zai kai ki kasuwa? A bakin kabari na yi wa Yaya alkawari."

Na ce, "Azmat, kasuwa ka ce za ka kai ni, ba wurinsa ba."

Ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka. Na ce masa in ya biya, ya yi ƙarya biyu da kuɗinsa: ya amsa laifin da bai yi ba, ya ɓoye wanda yake yi. Shekara hamsin bai taɓa taka ko kaza ba, kada ya bari shekarar ƙarshe ta cinye sauran.

Ranar ba mu je kasuwa ba. Motar a ƙofar gidana ta wuni, har Nazrin ta taso daga aiki ta zo. Da hannunsa ya miƙa mata takardar, da tikitin ajiye mota na asibitin, wanda ke nuna ƙarfe tara da rabi zuwa sha biyu da rabi. Ta karanta a tsaye, sai ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafi.

"Abba, wata biyar? A gida ɗaya muke kwana fa!"

"Ki rubuta musu, Beti. Ki gaya musu ban yi ba." Ya ɗora makullin a kan takardar.

Bayan mako uku amsa ta zo, layi biyu, sun janye, ko haƙuri ba su bayar ba. Ya sa Nazrin ta buga masa ita da manyan baƙaƙe, ya manna a ƙasan allon yabonsa.

Har yanzu kowace Talata ƙarfe tara yana ƙofar gidana, da sandarsa da hularsa. Bas muke shiga. Yana zama a kujerar da ke bayan direba, ni ina bayansa riƙe da jakar cefane, ina jin sa yana ce wa mutumin, a hankali wai don kada a ji, "Ɗana, ka yi saurin taka birkin nan."