Kayen Yaya Mutari da Kalmominsa Masu Harafi Biyar

Shekara talatin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Mutari, Allah Ya jiƙansa. Duk tsawon nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don akwai abin da ke ci mini rai. Jikata Nafisa ce ta tono shi makon jiya ba da saninta ba. Tana wani wasa a waya, wai a cinko kalmar Ingilishi mai harafi biyar. Ta ce ta san da a, i, n take ƙarewa, amma ta rasa ta. Ni da ban taɓa zama ajin Ingilishi ba, sai na ji bakina ya kama: grain, train, drain, chain, brain, stain, plain. Yarinya ta saki baki tana kallona, can ta fashe da dariya. "Kaka, wa ya koya miki? Ai ba haka ake faɗinsu ba!"

Na sani. Shi ma Mutari ya sani, amma a makare.

A shekarar farin nan ne da aka rufe iyakar Najeriya. Dangin Inna suka taso daga ƙauyensu wajen Damagaram Takaya, suka sauka gidanmu na Birni a cikin garin Damagaram, muka zama mutum goma sha tara a kan tukunya ɗaya. Da can in damina ta ƙi, maza Kano suke nufa cin rani. Wannan karon kudu sojoji, arewa mushen dabbobi: gaba kura, baya siyaki. Mutari baduku ne, kuma shi ne babba tun rasuwar Baba. Fata ta yi arha kamar banza, amma wa zai sayi jaka cikinsa na kuka?

Sai labari ya zo cewa nasarun da ke rabon hatsin agaji na neman tafinta mai jin Ingilishi, kuma wanda aka ɗauka yana da buhu guda duk wata. Buhu guda! Maƙwabcinmu Malam Bulus, Kirista ne mai yin allura a gidan likita, ya kawo wa Mutari wani tsohon ƙamus na Faransanci da Ingilishi. Ya gaya masa gaskiya cewa shi ma ajiya kawai yake yi, ba ya jin harshen. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to amma mu wace rana gare mu ban da ita?

Mutari ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku, sannan ya yi hadda a Barno. Hanyar da ya sani ita ya bi. Gwanayen can suna tara kalmomin da suka yi kama da juna, su ƙirga su, don kada su ruɗe wajen karatu. Haka ya yi wa Ingilishi. Ya samo kaye, littafin rubutu na 'yan lakwal, ya ware masu harafi uku, masu huɗu, masu biyar, sannan ya haɗa waɗanda suke tarayya a haruffa, yana ce musu 'yan ɗaki ɗaya. Kullum bayan asuba yana zaure yana rangaji yana biya su da bakin Faransanci, ni kuwa ina tsakar gida ina sauya wa hanza, 'ya'yan itacen dajin nan, ruwa don ɗacinta ya fita mu samu na ci. Kwana arba'in muna haka. Ban san ma'anar ko ɗaya ba, amma sun zauna mini a ka daram.

Ranar gwaji ya sa babbar rigar Baba, Malam Bulus ya raka shi, kuma shi ya ba mu labari. Bature ya yi masa tambaya. Mutari ya kasa kunne. Aka maimaita har sau uku, bai tsinci komai ba, don tunda yake bai taɓa jin mutum ya yi Ingilishi da baki ba. Da abin ya ishe shi sai ya rufe ido ya hau biya 'yan ɗakinsa. Baturen ya saurara har ƙarshe, ya ba shi hannu, ya sallame shi. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, aka ɗauka, wanda ya tsinci nasa a tashoshin Najeriya, ko sunansa ba ya iya rubutawa.

Ni kuwa ina gida goye da 'yata, nono ya ƙafe, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da Mutari ya shigo hannu wofi, a gaban matan gida duka na ce, "To Yaya, sai ka zuba mana kalmomin naka a tukunya, biyar-biyar, kowa ya samu." Mata suka yi dariyar yunwa. Ya dube ni, ya ce, "Kin yi gaskiya, Hadiza." Ya wuce ɗaki.

Washegari ya tafi wurin ajiyar hatsin nan ya zama ɗan dako. Mutumin da bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce ƙunshin fata ba, shi ne yake sauke buhuna daga safe har la'asar, a biya shi da tiyar dawa. Da ita muka kai ga damina. Can ya samo ciwon ƙirjin da ya yi ta cinsa shekara biyu. Kullum ina cewa gobe zan durƙusa in roƙe shi gafara, kunya ta hana ni. Magana zarar bunu ce, ni kuma ban ko gwada mayar da tawa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Nafisa ta taɓa wayar, sai ga muryar wata mata tana faɗin kalmar sarai, sau nawa kake so. Abin da ya hana shi buhun nan, ga shi a hannun 'yar shekara goma sha biyu tana wasa da shi. Na tabbata ba zai yi baƙin ciki ba. Cewa zai yi a sake masa, ya gyara zama, ya tambayi matar ko kalmar 'yan ɗakinta nawa ne. Ni ce dai abin ke ƙona wa rai.

Me ya rage na Mutari? Kayen yana cikin akwatina, gara ta ci gefensa. Jakunkunan da ya ɗinka sun daɗe da mutuwa. Amma 'yar da ke bayana ranar nan ita ce uwar Nafisa, kuma dawarsa ce ta raya ta. Ashe duk wanda ya yi masa dariya, da ƙirjinsa ya ci abinci, ni ce ta farko.

Nafisa ta ce in zauna ta gyara mini faɗar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Na ce a'a, ta bar mini kayana. Yadda ya biya su haka zan riƙe su, har ranar da Allah zai haɗa mu. In na biya masa su ya gane ni ce, sannan in ce, "Yaya, ka yafe mini."