Furen Auduga Don Kaka

Duk sanda na jiƙa karkade, na ga jan ya kama yatsuna, sai yayana ya faɗo mini a rai. Da ruwan karkade yake zane, da shunin wanki, da gangamau. Bakin asuwaki yake taunawa ya yi laushi, shi ne alƙalaminsa. Ya yanko bayan kwalin shayi kamar tafin hannu, ya zana furen kuɓewa ko ganyen darbejiya, ya kai wa mai jego ko majinyaci. A ƙauyenmu na gefen Hasahisa, da wuya ki shiga ɗaki ba ki ga ɗaya a soke jikin bango ba.

Shekarar da ƙafafun Kaka suka mutu, ta ce ba abin da take kewa kamar furen auduga, wanda kan buɗe da safe ruwan ƙwai, ya koma ja da yamma. Ranar da ban-ruwa ya zagayo kanmu, Baba ya bar yayana a gona, ya ce in ruwa ya kai ƙarshen kunya ya toshe. Shi kuwa ya tsuguna gaban furen auduga da kwalin zanensa, yana jiran ya sauya launi. Ruwa ya ɓalle, ya kwashe albasar maƙwabci.

Da wuyan riga Baba ya jawo shi har tsakar gida. Bulalar dorina ta yi ta sauka, rigar ta yage, jini ya tsatso. Inna ta riƙe Baba, ya hankaɗe ta kan randa, randar ta fashe.

"Wane hannu ka yin zanen ga?"

Baba ya ɗora hannun daman yayana a bakin turmi, ya buga masa ƙotar fartanya. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ya sake ɗagawa.

Sai ga Kaka ta fito da jan ciki, cikin caɓin ruwan randa. Ta dafa turmi, ta ɗora hannunta bisa na jikanta.

"Kai wanga, ni na aike shi. Ga nawa, fara karyawa."

Ƙotar ta faɗi ƙasa. Yayana ya laluba aljihu da hagu, ya miƙa mata kwalin. Furen na nan, rabinsa ruwan ƙwai.

"Kaka, bai gama ja ba."

"Haka nika son shi," ta ce.

Yatsun sun warke a karkace, bai ƙara zane ba. Da wannan hannun ya riƙa ba Baba kunu a ciwon ajalinsa, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya tada maganar ba.

Yanzu mutane hoton fure suke tura wa juna a waya, ba mai soke kome a bango. Amma autana ya tashi da ɓata mini karkade, duk asuwakin babansa ya taune. In na ji uban ya fara ɗaga murya, nakan tashi a hankali in tsaya tsakaninsu, in ƙara wa yaron karkade a kofi.