Kwanar Daeng Mappiasse

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fara jin wani zance a rumfar mai aski, wai taswirar farko ta hanyar makaranta ta cikin gonata ta ratsa, kai ne ka karkatar da ita. Dariya na yi har reza ta kusa yanka mini kunne. Na ce duk wanda ya san Mappiasse ya san ba ya karkata igiyar awo ko don uwarsa.

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, aka aiko cewa Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daeng Mappiasse, tsohon safiyo, ka cika kana da shekara saba'in da takwas. Ka girme ni da biyu, ina ce maka Daeng, wato yaya a wajenmu, kuma ba ka taɓa bari na manta ba.

Lokacin da aka ba ƙauyenmu makaranta, da sharaɗi aka bayar. Sai an sami hanyar da babbar mota za ta iya bi har kan tudu, da bututun ruwa, da turakun lantarki, kafin damina. In ba haka ba, a kai ta ƙauyen da ke ƙetaren kogi, jikokinmu su ci gaba da tafiyar kilomita bakwai. Kai aka ɗora wa aikin. Wata biyu kana yawo da igiya da ƙananan turaku masu jan fenti. Kai ka nace a sa kwalbati uku maimakon ɗaya, kai ka ce bututu ya bi gefen tudu don kada ambaliya ta tone shi. Har yau bai tonu ba.

Ni a lokacin ina asibiti a birnin Parepare, ana yi mini aikin ido. Da na dawo na tarar da taswira a bangon masallaci. Hanya ta taso miƙe daga titi, sai ta yi wata kwana marar dalili, ta bar 'yar gonar shinkafata a dama, ta faɗa tsakiyar filinka, daidai inda gidan mahaifinka na katako yake tsaye a kan dogayen ƙafafu.

Na ce maka, "Daeng, ashe kanti za a buɗe? Hanya a ƙofa, lantarki a ƙofa. Ka iya awo."

Ka ce, "Likita bai gama da idon nan ba, ƙane. Ka koma."

Ranar Juma'ar da aka ɗauke gidan, da ni aka yi. Mata sun kwashe tukwane da tangaran, an ɗaure kabad a jikin ginshiƙi, an zura gora a ƙarƙashin daɓe. Muna saukowa daga masallaci muka shiga ƙarƙashinsa, mu fiye da ɗari. Kana gaba da sanda kana ƙirga mana, gidan katako yana tafiya a kan kafaɗu.

"A ɗaga ta hagu! Wane ne ya rataye a jikin gora yana hutawa?"

"Ƙanenka ne, Daeng!"

Ba ƙarya suka yi ba. Ina ɗauka ina gunaguni, wai mun zama jakunan mai kanti. Muka dire shi a bakin fadama, muka sha romon da matarka Indo Sakka ta dafa, na yi ƙari biyu.

Kanti bai zo ba. Inda muka ajiye ka, duk damina ruwa yana kai wa mataki na uku na tsani, lantarki kuma sai bayan shekara huɗu ya iso gare ka. Na ga duk wannan. Direban da ya kwaso tsakuwa ya maimaita mini zancen mai aski, shugabar makaranta ma ta faɗa, na ce duk a rumfa ɗaya suka ji. Gonar nan ita kaɗai gare ni, daga ita muke ci. Yarda da zancen na nufin in hau tsaninka in yi godiya, ni kuwa tsiya na saba yi maka tun muna kiwon ɓaunar noma. Sau ɗaya na kusa tambaya, ka ce ƙasar wajen ce ta fi tauri, ka miƙo mini kofi.

Yanzu yara ɗari biyu da wani abu ne ke bin kwanar nan kowace safiya, da sunanka suke kiranta.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa kowane taku na yaran nan ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Indo Sakka, da 'ya'yanku Tenriawaru da Baharuddin, da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya da safe muna auna shinkafar da za a kai gidan makoki, shinkafar gonar nan, sai aka ajiye mini ɗan turke a kan tabarma, jan fentinsa ya koɗe. Aka ce ina asibiti aka wayi gari da irinsa goma sha huɗu a jere cikin shukarmu. Aka je aka tsaya a gindin tsaninka. Ka sauko ka dubi fuska, ka wuce gonar ka tuge su da hannunka, ka ce kada a gaya wa mai ciwon ido. Ɗaya ya faɗi a kunyar gona, aka ɓoye shi cikin rufi.

Wadda ta faɗa mini a wannan karon, Daeng, matata ce, Indo Cenning, wadda ta tsaya a gindin tsaninka ran nan.