Karan Awon Malam Isiyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa, kuma a makon nan ya hana ni sakat. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo kan tebur, littafi ɗaya nake ta buɗewa ina rufewa.

Tare muka yi makarantar horon malamai, tare aka turo mu wata firamare a Kurmin Mashi. Ni na iya gaishe da manya, sai na zama hedimasta. Shi kuwa ya tsaya a aji biyar, kullum hannun rigarsa fari fat da alli.

Duk malami ya san layin nan da ake rubutawa a saman shirin darasi: a ƙarshen darasi, yara za su iya kaza. Mu mun ɗauke shi kamar sallama a bakin zaure, a yi a wuce. Isiyaku ya ɗauke shi alkawari. In manhaja ta ce yara za su iya auna tsawo da mita, to, bai ga ta zama ba sai ya ga sun auna. Rula ɗaya ce a makarantar, ita ma tana kulle a ofishina. Sai ya hau keke ya tafi gonakin bayan Rigasa ya ɗauro kara, ya yanka kowanne mita ɗaya daidai, ya yi masa tsagar santimita da wuƙa, ya raba wa yara. Mako uku ana awo. Sun auna ƙofa, sun auna benci da bakin rijiya, har ni suka auna a taron safe, suka shelanta wa duniya cewa hedimasta mita ɗaya ne da rabi da 'yan kai. Yaran da sai an koro su daga gida suka koma riga masinja zuwa.

Amma akwai littafin aikin mako, inda malami ke rubuta abin da ya koyar. Gurbin lissafin rabi da kwata na aji biyar ya kwana uku ya zama mako uku babu komai a ciki, ga sufeton makarantu yana tafe. Na kira shi na ce, "Haba Isiyaku, rubuta kawai, ka koyar daga baya."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sufeto zai zo ya tafi. Yaran fa suna nan."

Da ya fita, na ɗauki alƙalami na cike gurbin da hannuna. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sufeto ya shiga aji da littafin, ya rubuta rabi a tara da kwata a allo, ajin ya yi tsit. Ya juya ya wanke Isiyaku tas a gaban yaransa, wai ya rubuta abin da bai koyar ba. Isiyaku ya dube ni sau ɗaya, bai ce uffan ba. Ni ma na yi shiru, kuma wannan shirun ne nake jin kunyarsa har yau. Aka ba shi takardar tuhuma, aka yi masa canji zuwa can ƙarshen Rigasa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Sunan 'yata ma shi ya fara zuwa. Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da shi. Ranar jana'iza, da na ga an auna shi da kara an miƙa wa masu haƙa kabari, sai na tuna karan awon da ya yanka wa yaransa.

Me zai ce da ya leƙo yau? Aji ya cika ya batse, rabin yara a ƙasa, suna rera "santimita ɗari, mita ɗaya" kamar waƙar gaɗa, amma ka ba ɗayansu igiya ya auna taga, sai ya tsaya yana kallonka. Littattafanmu kuwa a cike suke, ba gurbi ko ɗaya. Zan so in zagi zamani, sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bai bar gida ba, bai bar lambar yabo ba. Cikin ɗalibansa ya bar wata tela a Babbar Kasuwa da ba ta taɓa ɓata wa kowa yadi ba, da wani kafinta a unguwarmu wanda ke cewa da kara ya fara. Ya kuma bar mini tambaya.

Ga dalilin rashin sukunina. Malama Rabi, sabuwar malamar aji uku, ta bar gurbin mako biyu fayau a littafin aikin mako. Ta yanka agoguna da kwali, ta ce ba za ta wuce ba sai kowane yaro ya iya faɗin lokaci. Sufeto zai zo ranar Litinin, ni kuma saura mini shekara biyu in yi ritaya lafiya. Sau uku na cire murfin alƙalami a makon nan.

Ɗazu na sa hannu a ƙarƙashin gurbin yadda yake, babu komai a ciki. In sufeto ya tambaya, ni zan fara magana. Allah ya jiƙanka, Isiyaku. Na makara da shekara goma sha uku.